Jiƙo, Kwalba da Ciwon Hanta

 

Yau a shirinmu na kiwon lafiya maganar hanta za mu yi. Hanta, da magungunan itatuwa da ake sayar mana domin ta.

Duk wanda ya bi ta bakin kasuwa ko tashar mota da la'asar ya ji lasifika na tashi. Maganin basir, maganin sanyi, maganin taifot, sai kuma a ce ga na wankin hanta. Wanda bai je tasha ba, wayarsa ta kawo masa tallan har gida. Kwalba mai ƙyalli, an ce daga ƙasar waje ta zo, an ce ka sha wata uku ka koma gwaji za ka tarar cutar ta tafi. Tambayarmu ita ce: shin waɗannan magunguna suna warkar da ciwon hanta? Shin suna hana a kamu da shi?

Ba zan ja ku da nisa ba. Har yau babu ganye, ko saiwa, ko sassaƙe, ko ƙwayar da aka sarrafa daga itace, da aka gwada a kan marasa lafiya aka tabbatar yana warkar da ciwon hanta nau'in B ko nau'in C. Babu wanda aka tabbatar yana hana kamuwa da su. Wasu kuwa an tabbatar suna lalata hantar da aka ce za su gyara. Ku biyo ni, zan faɗi dalili.

Mu fara da hantar kanta.

Ɗora hannunka a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Nan take. A jikin babban mutum nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Ita ke yin ruwan maɗaciya mai narkar da kitse. Ita ke adana sukari ta sake shi idan jiki ya buƙata. Ita ke yin sinadaran da ke sa jini ya daskare idan ka yanke. Ga kuma aikin da ya fi shafar shirinmu na yau. Abin da ka haɗiye, idan hanji ya tsotse shi, jini yana kai shi hanta kafin ya wuce sauran jiki. Kamar shingen kwastan ne a bakin iyaka, kowane kaya sai an tsaya an sauke shi a nan. Tuwo, lemo, ƙwayar asibiti, jiƙon sassaƙe, duk ɗaya ne a wurinta. Ba ta tambaya ko daga daji abu ya fito ko daga masana'anta. Sinadarin da ke ciki shi take fama da shi.

Saboda haka maganar wankin hanta ba ta da tushe. Ba datti ne ya taru a cikinta ba, balle a zuba abu a ɗauraye. Ita ce ma ke tace jini. Idan ta yi ciwo, yawanci ko ƙwayar cuta ce ta shige ta, ko guba ce ta ji mata, ko kitse ne ya cika ta. Gudawar da wasu magunguna ke sa mutum, har ya ce datti na fita, aikin hanji ne. Ba ta taɓa ƙwayar cutar da ke cikin hanta.

To, yanzu mu shiga kashi na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Wani na can gida yana cewa: Malam, ai ni na gani da idona. Ɗan'uwana ya yi shawara, idonsa ya yi ɗorawa, aka ba shi jiƙon rawaya, ya warke sarai.

Ban ƙaryata ka ba. Ya sha, ya kuma warke. Amma mu tsaya mu duba.

Shawara alama ce, ba cuta ɗaya ba ce. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na iya kawo ta. Sikila na kawo ta. Toshewar hanyar maɗaciya na kawo ta. Ciwon hanta nau'in A da nau'in E, waɗanda ake ɗauka ta ruwa da abinci marasa tsafta, su ma suna kawo ta. Waɗannan biyun a mafi yawan mutane da kansu suke tafiya cikin 'yan makonni. Ka sha jiƙo su tafi, kar ka sha su tafi. Sai dai a kula, nau'in E yana da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu. A 2017 ya ɓarke a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar da kuma Ngala a jihar Borno, kuma a Diffa mata masu ciki ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu.

Nau'in B ma haka. Idan babban mutum ya kamu da shi sabo, fiye da 90 cikin 100 jikinsu ne ke korar cutar da kansa cikin wata shida. Ku lura da wannan. Mutum ya yi gwaji aka ce yana da ita. Ya sayi kwalba, ya sha wata huɗu, ya koma gwaji aka ce babu. Wa zai gode wa? Mai kwalba. Zai ma ba da shaida a gaban lasifika, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Alhali garkuwar jikin da Allah Ya ba shi ce ta yi aikin.

Ɗaya ɓangaren ya fi ban tsoro. Wanda ya kamu da nau'in B tun yana jariri, kusan 90 cikin 100 cutar na zama a jikinsu. A ƙasashenmu kuma yawancin masu ɗauke da ita tun suna ƙanana suka samu. Irin wannan mutum yana iya yin shekara 20 ko 30 bai ji komai ba. Yana noma, yana kasuwa, yana aure, cutar na cin hantar a ɓoye. Idan ya ce ya sha magani ya ji sauƙi, me ya auna? Da ma ba ya jin ciwo. Kasala da kumburin ciki na zuwa su tafi. Jin sauƙi ba shaidar warkewa ba ne a ciwon hanta. Zan sake faɗa: jin sauƙi ba shaidar warkewa ba ne. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ko ƙwayar cutar na nan, da kuma yawanta.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Babban binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, kuma kashi 13 cikin 100 ne kawai aka gano ta hanyar gwaji.

Masu sauraro, kashi na uku. Wani zai ce ai likitoci ne kawai ba sa son maganin gargajiya, ba su taɓa gwada shi ba. Sun gwada. Bari in ba ku labari biyu.

Na farko labarin wata ciyawa ce da kuka sani, geron tsuntsaye. Tana fitowa da damina a bayan gida da bakin gona. A Indiya an daɗe ana ba masu shawara ita. A 1988 wasu masana a birnin Madras suka wallafa gwajin da suka yi. Sun ba masu ɗauke da nau'in B garinta na kwana 30. Cikin mutum 37, suka ce 22 alamar cutar ta ɓace daga jininsu. Cikin marubutan har da Baruch Blumberg, mutumin da ya gano ƙwayar cutar nau'in B, wanda ya sami kyautar Nobel a 1976. Kun ga ba ƙananan mutane ba ne, kuma da gaske suke fatan abin ya tabbata. Duniya ta ɗauki murna. Ga magani mai araha, a bayan ɗaki. Sai aka sake gwajin a Tailan da wasu ƙasashe, ba a sami wannan sakamako ba. A 2011 ƙungiyar masana ta Cochrane, masu tattara gwaje-gwaje su tace su, suka duba abin da aka yi a kan ciyawar, suka ce babu gamsasshiyar hujja cewa tana amfanar masu wannan cuta.

Na biyu wata ƙaya ce mai jan fure da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum. Daga 'ya'yanta ake fitar da sinadarin silimarin. Idan ka duba bayan kwalaben maganin hanta da ake sayarwa a kemis, sau da yawa za ka ga sunansa. Shi ne ya fi kowane shahara a duniya. A ɗakin bincike, a jikin ɓeraye, yana nuna alamar kare hanta. A 2012 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 154 masu nau'in C. Aka raba su uku. Kashi biyu aka ba su silimarin, har fiye da abin da aka saba sha. Kashi na uku aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. Bayan mako 24 aka auna jininsu. Babu bambanci. Yawan ƙwayar cutar ma bai ragu ba.

Ɓera daban, mutum daban. Idan mai talla ya ce maka bincike ya nuna, tambaye shi: a jikin wa?

A nan zan ɗan ratse, don kada a fahimce ni a baibai. Ba raina itace nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau, asalinsa daga wani nau'in tazargade ne, kuma wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda shi. A Abuja akwai cibiyar gwamnati mai binciken harhaɗa magunguna, wadda ta fitar da maganin sikila daga itatuwanmu. Amma kowanne sai da aka ware sinadarin ko aka daidaita haɗin, aka san ma'auni, aka gwada a jikin marasa lafiya. Rawaya da sauran itatuwan da iyayenmu suka sani sun cancanci irin wannan bincike. Kafin a yi shi, ba wanda ke da ikon ce maka tabbas za su warkar da kai.

Yanzu kashi na huɗu, ku ƙara kusanto da rediyo. Mutane kan ce: to ko bai yi amfani ba, ai itace ne, ba zai cutar ba.

Wannan magana ta kai mutane da yawa gadon asibiti.

A Amurka akwai rukunin asibitoci da ke rubuta duk wanda magani ya ji wa hantarsa. A 2014 suka ba da rahoto cewa cikin shekara goma, kason da magungunan itatuwa da na ƙarin kuzari suka jawo ya tashi daga 7 cikin 100 zuwa 20 cikin 100. Ɗaya cikin biyar ke nan. A 2013, a tsibirin Hawai, gomman mutane suka kwanta da ciwon hanta bayan shan wani maganin rage ƙiba. Wasu sai da aka yi musu dashen hanta, aka kuma rasa rai.

Ga wanda zai ba ku mamaki. Kurkur, wanda wasu ke kira gangamau. Uwargida, wanda kike barbaɗawa a shinkafa ba matsala. Amma kamfanoni na tatso sinadarinsa su cusa da yawa a ƙwaya ɗaya, su haɗa da na masoro don jiki ya fi tsotsewa. A 2019 a Italiya fiye da mutum 20 suka kamu da kumburin hanta ta wannan hanya, hukuma ta janye kayan daga kasuwa. Koren shayi ma haka. Kofin da kake sha lafiya lau. Amma a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa idan sinadarinsa da aka tattara a ƙwaya ya kai miligiram 800 a rana, yana iya taɓa hanta. Abu ɗaya, a tukunya abinci, a ƙwaya haɗari. Yawan ne ya bambanta.

Mu zo kusa da gida. Rai-ɗore, wanda ke fitowa a kowane juji. A arewacin Indiya an yi shekaru yara na mutuwa bayan damina, ana zaton cutar ƙwaƙwalwa ce. A 2007 likitoci suka danganta abin da cin 'ya'yan rai-ɗore, waɗanda gubarsu ke lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. 'Ya'yan ne aka kama da laifi a wannan bincike, amma ya isa ya nuna mana cewa tsiron da muka saba da shi ma yana da iyaka. A Jamaika kuma, tun shekarun 1950, aka gano cewa shayin wasu ganyayen daji da ake ba yara yana toshe ƙananan jijiyoyin hanta.

Ga kuma matsalar da ta fi duka. Gorar da aka miƙo maka a tasha, me ke cikinta? Itace nawa aka haɗa? Wane ma'auni? Kofi ɗaya na yau daidai yake da kofi ɗaya na gobe? An shanya sassaƙen ya bushe, ko ya yi fumfuna? Mai lafiya ma na iya jigata. Ina ga wanda hantarsa ta riga ta raunana?

Wani zai ce ai nawa yana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Duba lambar da kyau. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu na ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba, ba a ga guba a abin da aka kai wa hukumar ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da cutar da aka rubuta. Shi ya sa ake sa su rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Rubutun ƙanana ne, amma yana nan.

Gargaɗi na musamman ga wanda likita ya riga ya ɗora a kan maganin nau'in B. Don Allah kada ka ajiye shi saboda wani ya kawo maka kwalba. Idan aka daina shi kwatsam, ƙwayar cutar na iya tasowa da ƙarfi, hanta ta kumbura, har ta kai ga rasa rai. Kada ka ajiye sai da sanin likitanka.

To, idan kwalba ba ta yi, me ke yi? Wannan ne kashi na ƙarshe.

Nau'in C yanzu ana warkar da shi. Ƙwayoyi ne na mako 8 zuwa 12, kuma fiye da 95 cikin 100 na warkewa. Masar ta yi fama da wannan cuta fiye da kusan kowace ƙasa. Daga 2018 ta yi wa miliyoyin mutanenta gwaji, ta ba masu ita magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ita ce ƙasa ta farko da ta kai babban matsayi a hanyar kawar da cutar.

Nau'in B akwai magunguna irin su tenofobir da entekabir. Gaskiya ita ce yawanci ba sa fitar da cutar gaba ɗaya. Danne ta suke yi, su hana hanta taurarewa da tabo, su rage haɗarin sankara. Ƙwaya ɗaya a rana, shekara da shekaru. Ba kuma kowane mai ɗauke da cutar ke buƙatar su nan take ba. Likita ne zai duba ya faɗa, wani a ce ya riƙa zuwa awo kawai. Na san wannan magana ba ta kai ta mai lasifika daɗi ba. Shi wata uku ya ce. Amma wannan ita aka gwada aka gani.

Rigakafi kuwa yana nan, kuma na yara kyauta ne a asibitocin gwamnati. Najeriya ta sa allurar nau'in B cikin rigakafin yara tun 2004. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Iyayenmu mata, ungozomomi, ku ji da kyau: cikin awa 24. Ko a gida aka haihu, a kai jariri asibiti ran nan. Kada a jira ranar suna. Sai a cike sauran a mako 6, mako 10 da mako 14. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, daga baya aka ga sankarar hanta ta ragu sosai a tsakanin yaranta. Babba ma da gwaji ya nuna ba shi da cutar zai iya yi, allura uku cikin wata shida. Idan kuma jariri ya yi shawara, asibiti za a kai shi, ba jiƙo za a ɗura masa ba.

Nau'in B na bin jini. Don haka wurin aski, kaciya, ƙaho, yankan farce, kowa da tasa reza, ko sabuwa. Wanzamanmu da yawa sun gane wannan, wanda bai gane ba a tuna masa cikin mutunci. Masu shirin aure su haɗa da gwajin nau'in B. Amma cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha, ko sallah sahu ɗaya, ba sa yaɗa nau'in B. Kada a ware wa kowa kofi.

Manoma, ga taku. Gyaɗa da masara idan ba su bushe ba aka zuba a rumbu, suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afilatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓata da ita. Ko kaɗan-kaɗan ake ci, idan ta haɗu da nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin sankarar hanta na ninkuwa. A shanya amfanin gona a kan tamfol ya bushe ƙayau. A tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a zubar. Kada a ce asara ce a mayar da ita ƙuli-ƙuli a ba yara.

Mai kitse a hanta kuma, wanda ya fi samun masu ƙiba da masu ciwon sukari, abin da aka tabbatar yana taimako shi ne rage nauyi da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, da tafiya a ƙasa, da rage lemon kwalba. Giya a bar ta. Farasitamol kada a sha barkatai. Zogale, zuma, tafarnuwa, a ci a matsayin abinci, ba wanda ya hana.

Idan idonka ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ciki ya kumbura, ko aka yi aman jini, ko mutum ya fara ruɗewa yana barcin da ba a saba ba, a garzaya asibiti. Idan za a tafi, a ɗauki duk abin da mara lafiyar ke sha, ƙwaya, gari, gora, har ƙullin leda. A nuna wa likita, kada a ɓoye don kunya ko tsoron faɗa. Sau da yawa daga nan ake gane abin da ya taɓa hantar, a dakatar da shi tun tana iya farfaɗowa.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba takardar sakamakon gwajin hanta, mu bi ta layi-layi, don wanda aka miƙa wa ita ya san abin da ke rubuce. Wanda ke da tasa a gida ya ajiye ta kusa da rediyo.